Ranar da Sikana Ta Yi Kuka a Jikin Kawu

Kawuna dillalin shanu ne, kuma a gidansa na Sabon Layi na zauna duk tsawon karatuna na gaba da sakandare. Ɗakin zaure aka ba ni, wanda bangonsa ɗaya ne da na makewayi. Ni ba mai yawo ba ne, in ba na aji to ina kan tabarma da littafi, shi ya sa na riga kowa a gidan gane cewa Kawu ba shi da lafiya. Butarsa ce ta tona shi. Buta ce ta ƙarfe mai murfi da ’yar sarƙa, ko ɗaga ta aka yi sai an ji. Na lura da ƙyar nake gama shafi ba ta wuce ta bakin ƙofata ba. Zai shiga ya daɗe, ba ka jin komai sai gyaran murya, ya fito yana tsaki, kafin ya kai inda yake zaune ya sake juyawa.

A kasuwar shanu ma abin ya bi shi. Aikin dillali shi ne ya riƙe hannun mai sa da hannun mai saye, kada ya saki sai an sallama. Kawu ya fara sakin hannu a tsakiyar ciniki ya nufi bayan katanga. Da farko Fulanin suka ɗauka wata sabuwar dabara ce ta nuna fushi, har wasu ƙananan dillalai suka fara kwaikwayonsa. Shi kuwa bai gyara musu fahimta ba.

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya yi masa maganar a fili: abokinsa na ƙuruciya, wani tsohon hedimasta Kirista daga Wuro Patuji, wanda ya koma noma bayan ya yi ritaya. Kawu Ticha yake ce masa. Wata ranar Talata ya zo a kan kekensa, ya zauna a ƙofar gida, ya ga Kawu ya tashi da buta ya dawo ya sake tashi.

Ya ce, “Alhaji, kai ma naka ya zama famfon gwamnati ke nan? A buɗe da safe, ruwa ya zo da la’asar.”

“Ticha, ka ji tsoron Allah. Akwai yaro a nan.”

“Wane yaro? Wannan mai gemu? Ai shi zai kai mu. Matana ya ce in ban nemi magani ba zai ɗauko katifana ya kai bayi, in kwana can gaba ɗaya.”

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk “ya” ne, kamar yawancin mutanen wajen. Ya ba mu labarin wani likita, ɗan ƙasar nan da ya yi karatu a waje, ya zo wani ƙaramin asibiti a cikin gari da wata sabuwar na’ura, yana neman dattawa masu wahalar fitsari a gwada a kansu. Kawu ya juya goro a baki. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda.

“Kada mutumin Digil ya ji.”

Mutumin Digil shi ne mijin Yaya, ’yar farin Kawu. Malamin firamare ne, dogo, mai sanyin hali, kuma shi ne shugaban ’yan agajin masallacin Juma’ar unguwarmu. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa kallon fuskar Kawu ba. Kunyar surukai akwai ta a ko’ina, amma ta waɗannan biyun ta wuce ta mutane. In ya zo gaisuwa tun daga kwanar layi yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, idonsa a ƙasa, Kawu kuma ya amsa yana duban sama. Ban taɓa ganin ɗayansu ya sha ko ruwa a gaban ɗaya ba. An ce wata rana sun yi kiciɓis a wani siririn lungu bayan tasha, kowa ya juya ya koma inda ya fito, ranar babu wanda ya je inda ya nufa. A wurin Kawu, gara duk Mubi ta san halin da mafitsararsa take ciki da a ce wannan mutum ɗaya ya sani.

Shekarar ta zo da wahala. An hana hawa babur, ana rufe gari da wuri, sojoji sun jera buhunan yashi a kowace mararraba, sannan aka ɗauke sabis ɗin waya gaba ɗaya. A Keke Napep muka je asibitin, mu uku, muka sauka a shingen sojoji muka wuce da hannu a sama, Kawu na tafiya da ƙafafu a matse.

Likitan matashi ne mai fara’a, Hausarsa ta ɗan yi tsatsa, don haka inda ta ƙare sai ya juyo gare ni da Turanci in fassara. Ya zana hoto a takarda. Ya ce a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙululu kamar goro, furostet sunansa, hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. In mutum ya manyanta sai ƙululun ya ƙara girma ya matse hanyar. Na’urar tasa wasu siraran wayoyi ne da ake naɗewa a tura ciki, in sun isa wurin sai su buɗe su danne ƙululun gefe. Za ta zauna kusan mako, da ɗan zare a waje wanda za a manne da filasta, sannan a ja zaren a fitar da ita. Ana fatan hanyar ta zauna a buɗe. Ya maimaita mana cewa gwaji ne, tana iya yi, tana iya ƙi, kuma duk wanda ya ga ba zai iya ba yana da ikon cewa a cire.

Na fassara komai, ban bar ko kalma ba, ina kallon ƙafafuna. Kawu ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, “Wato lema ce. A shigar da ita a rufe, a buɗe ta a ciki.”

Likita ya ce kusan haka ne.

“Tambaye shi, an gwada ta a kan shanu?”

Likita ya ce a’a, a kan mutane aka gwada, a wasu ƙasashe.

“To ai an yi abin a juye,” in ji Kawu. “Amma ba laifi.”

Sai aka zo tambayoyi. Likita yana so ya san tsananin abin kafin a fara, don ya gwada da bayan an gama. Ticha ya zayyana nasa dalla-dalla har da nuni da hannu. Da aka zo kan Kawu, kowace tambaya amsarta ɗaya ce. Yana tashi da yawa? Da sauƙi. Yana fita da ƙarfi? Alhamdu lillahi. Yana jin kamar bai gama ba? Sai godiya. Likita ya ajiye biro ya ce in haka ne ai Alhaji ya fi shi lafiya, ba zai shiga gwajin ba. Kawu ya dube ni da gefen ido. Na gane nufinsa: shi ba zai kai ƙarar Ubangiji wurin yaro ba, amma ni ina iya yi. Na ba da labarin butar, shi kuma yana kallon silin yana cewa, “Ƙarya yake yi, amma rubuta.”

Abin da ya kusa wargaza komai shi ne mazurari. Akwai wani inji a ɗan ɗaki, da babban mazurari a kansa wanda ya kai tsayin cinya. Mutum zai sha ruwa ya cika, ya tsaya ya yi fitsari a ciki, injin ya zana ƙarfin fitarsa a takarda. Ticha ya shiga ya fito. Kawu ya leƙa ya dawo.

“A tsaye?”

“A tsaye, Alhaji.”

“Ni? Tun da aka yaye ni ban yi a tsaye ba. Jaki ne ni?”

Likita ya ce injin ba ya sauka ƙasa, wayarsa gajera ce kuma ƙafafunsa a ɗaure suke. Kawu ya ce shi ma ba ya tashi sama. Ruwan da aka ɗura masa kuwa ya fara aiki, sai rawa yake daga ƙafa zuwa ƙafa. Na daɗe ina auna tsayin mazurarin da ido kafin na iya buɗe baki, na ce in an sa teburi a gefensa, mutum zai iya hawa ya tsuguna. Aka kwashe takardun nas daga teburinta, ni da mai gadi muka shigar da shi, muka ɗaga Kawu da babbar rigarsa muka ɗora, muka fito muka ja ƙofa. Daga ciki muka ji yana cewa a kunna rediyo.

Takardar Ticha ta fito da ɗan tudu. Ta Kawu layi ne a kwance, da wasu ’yan ɗigo-ɗigo a ƙarshe. Ticha ya haɗa su a hannu yana dariya har da tari.

“Ka gani? Nawa dutse ne, naka fadama. Alhaji, wannan ai ko kaza ya fi ka.”

“Kai a tsaye ka yi. Hau teburin mu gani.”

Likita ya ce dukansu sun cancanta. Ranar Litinin aka sa musu lemar, ɗaya bayan ɗaya. Ni ina waje a kan benci, ban ga komai ba. Na dai ji Ticha yana kiran sunan mahaifiyarsa da yarensu, shi kuwa Kawu ko uffan. Da ya fito ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi, ya ce, “Boko, in ka tsufa ka ci gaba da karatunka, kada ka yarda da kowa.” Kafin mu tafi na tambayi likita ko na’urar binciken ƙarfe za ta iya jin abin, don a lokacin ba ka shiga kasuwa ko masallaci sai an shafa maka ita. Ya yi dariya ya ce wayoyin sun yi siriri, ba abin da zai ji su.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa Kawu daɗi ba. Likita ya riga ya gaya mana cewa muddin lemar tana ciki abin zai ƙaru kafin ya ragu. Yana tafiya kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihun wando. Ya daina zuwa kasuwa, aka ce wa masu tambaya ya je duba wasu shanu a kan iyaka. Amma Juma’a ba ta ɓoyuwa. Dattijo kamar Kawu in ba a gan shi a masallaci ba, kafin la’asar zaure ya cika da masu dubiya, kuma a gabansu akwai mutumin Digil, wanda dole ya tambayi abin da ke damun surukinsa, dole kuma wani ya gaya masa. Na ce ya zauna a gida, likita ya ce a huta. Kawu ya ce likita ba shi da suruki.

Dabararmu mai sauƙi ce. Masallacin yana da ƙofofi da yawa, mutumin Digil kullum a babbar ƙofa yake tsayawa, Kawu kuma shekara da shekaru ta ƙaramar ƙofar arewa yake shiga, kowa ya san dalili. Ticha ya biyo mu a Keke, don likita ya ce su leƙo shi bayan salla ya duba filastar. Ya zauna a wurin mai shayi a tsallaken titi yana jiranmu.

Da muka isa muka tarar an rufe ƙofar arewa da sarƙa. Wata jita-jita ta zagaya gari da safe, aka ce kowa ta babbar ƙofa zai shiga, layi ɗaya. An ƙaro soja guda yana tsaye bayan buhunan yashi da bindiga. A bakin ƙofa kuwa mutumin Digil ne da kakinsa na agaji, riƙe da sandar binciken nan baƙa da muke kira sikana, yana shafa wa kowa daga kafaɗa zuwa ƙafa.

Na ce, “Kawu, mu koma.”

“Ya riga ya hango hulata. In na juya zai ce ba ni da lafiya.”

Layin yana matsawa. Na san abin da mutumin Digil zai yi, don ba zai taɓa ɗaga sikana a kan surukinsa ba. Zai sunkuyar da kai ya matsa gefe, Kawu ya wuce. Haka kuma ya yi niyya. Yana ganin takalman Kawu a gabansa ya zame nasa takalman, ya zube ƙasa ya tsuguna don gaisuwa, ya ɗaga hannuwansa biyu a haɗe kamar yadda ake yi wa manya. Ya manta da abin da ke hannunsa. Tsugunon ya kawo kan sikanar daidai inda bai kamata ba.

Ta fasa kuka.

Har yau ban san me ta ji ba. Daga baya na karanta abin da na samu a kan irin ƙarfen, kuma bisa ƙa’ida likita yana da gaskiya. Amma sikanar masallacinmu an murɗa ƙarfin jinta har ƙarshe tun ranar da aka sayo ta, takardar cingam ma tana sa ta ihu. Mutumin Digil ya janye hannu, ta yi shiru. Ya sake miƙa hannun don gaisuwa, ta sake. Kawu ya tsaya ƙiƙam yana duban hasumiya kamar ƙarar daga can take fitowa.

“Mun same ku lafiya, Baba?” in ji mutumin Digil.

“Lafiya lau,” in ji Kawu.

Sikana ta sake kuka.

Doka ita ce duk wanda ta yi wa ƙara a laluba shi, ya fito da abin da ke jikinsa. Mutumin Digil ba zai iya laluben surukinsa ba. Ba zai iya barinsa ya wuce ba, ga jama’a, ga soja yana kallo. Ba zai iya tambayarsa ba. Kuma ina jin a wannan lokacin ya gane cewa ko mene ne amsar, amsa ce da bai kamata ta shiga kunnensa ba. Ya miƙe a hankali, ya danƙa mini sikanar ba tare da ya dube ni ba, ya taka zuwa katangar masallaci, ya juya mata fuska, ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya runtse ido.

A wata shekarar da an gane kunya ce. A wannan shekarar kuwa, mutane suka ga shugaban ’yan agaji ya ji ƙara a jikin wani mai babbar riga, ya koma jikin bango ya toshe kunne. Wani ya yi salati da ƙarfi. Layin ya watse kamar an zuba wa tururuwa ruwan zafi. Takalma, huluna, dardumai ko’ina. Masu ƙarfi suka tsallake kwata, tsofaffi suka kwanta rub da ciki a inda suke. Mai sayar da turare ya bar tirensa yana juyawa a ƙasa. Ba abin dariya ba ne a lokacin, mutanen nan sun san abin da suke gudu. Cikin ƙiftawar ido filin ya rage daga ni, sai Kawu, sai mutumin Digil da bangonsa, sai bakin bindiga yana kallonmu.

Sojan ba ɗan arewa ba ne, Hausarsa ta bariki ce.

“Baba! Hannu sama! Mene ne a ciki riga?”

Kawu ya ɗaga hannu. Ya saci kallon katanga, ya dawo da idonsa kaina.

Ni mutum ne da ko a aji malami ya kira ni sai gumi ya jiƙa mini riga. Na buɗe baki na yi bayani, amma ni kaina ban ji abin da na faɗa ba.

“Ƙara murya!”

Na ƙara. Matsalata ita ce in na fara bayani ba na iya tsallake komai. Na fara daga ƙululun nan mai kama da goro. Na faɗi inda yake zaune da yadda yake girma. Na bi ta kan mazurari, na ambaci teburin, na zo kan wayoyin da yadda suke buɗewa. Ina yi da Turanci don sojan, sai wani tsoho da ke kwance kusa da kwata ya ɗago kai ya ce, “Yaro, yi da Hausa mu ma mu san abin da zai kashe mu.” Na koma farko da Hausa. Kawunan mutane suka fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

“Lema?” in ji sojan. “A ciki? Kira likita.”

Na nuna masa wayata. Shi ma ya san babu sabis a duk jihar.

Sai ga Ticha ya tsallako titi da kofin shayinsa a hannu, yana tafiyar nan tasu ta masu ƙwai a aljihu.

“Ofisa, kada ka harbi abokina, bai gama biyan zunubinsa ba. Ni ma ina da shi. Yaro, shafa mini.”

Na kai masa sikanar. Ta yi kuka a daidai wurin. Kawunan da suka ɗago suka koma ƙasa. Sojan ya ja da baya ya gyara riƙon bindiga.

“Ku biyu ne! Saura nawa?”

“A asibiti mun kai goma,” in ji Ticha, da zuciya ɗaya. “Duk an sake mu cikin gari.”

Na yi sauri na ce akwai zare, likita ya bar zare a waje da filasta, ana iya gani. Sojan ya ce to a nuna masa. Kawu ya yi magana karo na farko, a hankali, ba tare da ya sauke hannu ba.

“Gara ya harba.”

Ticha ya miƙa mini kofinsa. “Riƙe, kada ka sha.” Ya dubi sojan. “Zo, ɗana. Ni na yi shekaru ina duba yara ko sun yi wanka, yau a duba ni. Nawa da nasa kamfani ɗaya ne.”

Suka zagaya bayan buhunan yashi. Ba mu ga komai ba sai kan sojan da furfurar Ticha. Kan sojan ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago. Da ya fito ya rataya bindigarsa a kafaɗa, fuskarsa kamar wanda ya tauna barkono. Ya zo gaban Kawu ya ƙame, ya sara masa.

“Sannu, Baba. Wuce. Kai namiji ne.”

Jama’a suka fara tashi suna kakkaɓe riguna, kowa na neman takalminsa. Babu wanda ya yi dariya tukuna, sai da aka idar da salla. Tsohon nan na bakin kwata ya kamo hannun rigata ya ja ni gefe, ya ce wani maƙwabcinsa ne yake fama, ba shi ba, a ina asibitin yake? Kafin in shiga masallaci mutum huɗu sun tambaye ni saboda maƙwabtansu. Ragowar layin ni na shafa musu sikana, don mai ita yana nan a jikin katanga. Sai da aka tada iƙama na je na taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe ido, ya cire yatsun, ya karɓi sandarsa, bai tambaye ni komai ba.

A Keke, kan hanyar asibiti, Ticha yana ba direba labari tun daga farko. Kawu ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

“Ya ji?”

“Bai ji ba, Kawu.”

“Ka tabbata? Ka yi ta ihu kamar mai tallan magani.”

“Ina kallonsa. Bai cire yatsa ba ko sau ɗaya. Har leɓɓansa na motsi, karatu yake yi don ya rufe sauran.”

“Ta bakin wasu fa?”

Kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba daga Sabon Layi har bakin mayo, wato kogin gari. Lemar dai an cire ta ranar Litinin, kuma ta yi wa Kawu aiki daidai gwargwado, ya koma yana gama ciniki da hannu a riƙe, ko da yake yaran kasuwa sun daɗe suna yin kukan sikana da baki in ya wuce. Ticha tasa ba ta yi ba, daga baya sai da aka yi masa aiki a Yola. Amma a yammacin Juma’ar nan duk ba wannan ne a ran Kawu ba.

Zaure ya cika da kwanuka. Kowane gida ya aiko da abincin mara lafiya: farfesun kaza, kunun gyaɗa, faten doya mai ruwa-ruwa, wani har da tulun jiƙo. Kawu yana zaune a tsakiyarsu bai taɓa ko ɗaya ba, yana kallon ƙofa. In kwano ya zo daga gidan Yaya da farfesu a ciki, magana ta ƙare, mutumin Digil ya ji. In ba a aiko da komai ba, shi ma magana ce. Muna nan sai aka yi sallama, aka miƙo ƙunshi a takardar siminti da dogon abu a ɗaure, aka ce daga gidan malam, mijin Yaya.

Kawu ya ce in kwance. Kilishi ne, busasshe ƙayau kamar fatar ƙirgi, da sandunan rake masu kauri, irin abin da ake aika wa saurayi mai haƙora talatin da biyu wanda ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Kawu ya daɗe yana dubansu. Haƙoransa na gaba sun zube tun kafin a haife ni, na gefen ma saura kaɗan. Ya ture kwanon farfesun da ƙafa, ya yagi kilishin da hannu biyu, ya tura shi can kusurwar baki ya fara fama.

“Ka kai wa su Innarka wannan ruwan,” ya ce, yana nuna kwanukan. “Ka samo mini wuƙa. Raken ma zan sha.”